Haƙoran Mang Poldo a Ƙasan Teku

A garin Coron ba a kwatanta gidan Mang Poldo. In ka tambaya, sai a ce ka gangara bakin gaɓa da safe ka nemi dattijon da ke yi wa baƙi faɗa yana murmushi. Faɗan na aiki ne, murmushin kuwa na nuna haƙora ne, don Mang Poldo yana da haƙora jere reras, farare tas, da ɗaya na zinariya a sama ta hagu. Shekarunsa sun haura sittin, gwiwa ta fara ƙara, kunne ɗaya ya tafi hutu, amma in ya wage baki sai ka rantse saurayi ne.

A ruwa ya tashi. Tun kafin a haife shi jiragen ruwan yaƙin Japan ke kwance a ƙasan tekun nan, inda jiragen sama suka nutsar da su, kuma ubansa, Mang Ambo, yana cikin masu nutso su yanko ƙarfe su sayar. A lokacin ba tulun iska ba komai. Inji ne a kwale-kwale yana tari, da doguwar tiyo da mutum zai cije da haƙori ya sauka, in injin ya mutu kai ma ka fara addu'a. Poldo na matashi ya fara bin uban. Wata rana ya kutsa ɗakin girkin wani jirgi da mutanen gari ke kira Mai Tukunya, ya fito da wani ɗan kwanon tangaran mai zanen shuɗi, ya hau kwale-kwale yana taƙama. Uban ya wanke shi da mari.

"Ƙarfe na jirgi ne, jirgi kuwa ba shi da uwa," in ji Mang Ambo. "Kwano na mutum ne. Koma ka ajiye shi inda ka ɗauko."

Ya koma da kunci yana zafi, ya ajiye kwanon a kan kantarsa. Wannan marin shi ne duk karatun da Poldo ya yi a kan sana'arsa, kuma ya riƙe shi gam. Da zamani ya juya, aka daina yankan ƙarfe, baƙi suka fara zuwa daga ko'ina suna biya a kai su kallon tsatsa, sai ya zama jagoran masu nutso. Yana da wani siririn ƙarfe da yake ƙwanƙwasa tulun iskarsa da shi in yana son a dube shi, da shi kuma yake ƙwanƙwasa yatsun duk wanda ya miƙa hannu. Kafin a shiga ruwa sai ya tara baƙi ya ce, "Ido naku ne, ku kalla har ku ƙoshi. Hannu kuwa nawa ne. Abin da ke cikin jirgi ba a taɓawa, ba a ɗagawa, ba a fitarwa." Duk jagororin garin a hannunsa suka koyi aiki, kuma babu wanda yatsunsa ba su san ƙarfen nan ba, har da Renante, mijin 'yarsa.

To, cizon tiyo da kofi mai madarar gwangwani sun daɗe da gamawa da haƙoransa na asali. Yana da wajen arba'in ya ce zai je Manila duba wani ɗan'uwa marar lafiya. Ya tafi da baki kamar tsohuwar jaka, ya dawo da haƙoran roba cikakku, har ya sa aka dasa masa na zinariyar nan don a ɗauka gyaran haƙorin gaske ne. Ba wanda ya ce uffan. Shi kuwa ya ɗauki shirun nan a matsayin nasara, ya ci gaba da zama da yaƙinin cewa daga shi sai matarsa, Aling Pasing, suka san da kofin da haƙoran ke kwana a ciki.

Ranar da abin ya faru, da safe ya kai baƙi tafkin da ke cikin duwatsun tsibiri, wanda 'yan ƙabilar Tagbanua ke tsaro. Aka hau matakala da tulu a baya ana haki, ya ce wa masu wurin na ɓoye gafara dai kamar yadda aka saba, aka sauka. Tafkin nan sama-sama ruwa ne kamar kowane ruwa, amma in ka yi ƙasa sai ka faɗa wani mai zafi kamar na wankan jego. Har gobe Mang Poldo ruwan nan yake ɗora wa laifi, wai shi ya narkar da gam ɗin haƙoran. Aling Pasing ta ce ba ruwan tafki, gam ne mai araha da baki mai yawan faɗa.

Da rana aka tafi Mai Tukunya. Jirgin yana kwance a gicciye, gindinsa ya jingina da tudun murjani, har in ruwa ya kwanta ana hango inuwarsa daga sama. A cikin baƙin akwai wani ƙaton Bature mai jan gemu. Suna shiga ɗakin girki Mang Poldo ya ga mutumin nan ya tsinci ɓallin faranti yana turawa a hannun riga. Ya ƙwanƙwasa tulu, Bature ya yi kamar bai ji ba. Ya ƙwanƙwasa yatsu, Bature ya juya masa baya. Nan fa zuciya ta ɗebi dattijo, ya manta a ruwa yake, ya fizge robar iska daga bakinsa zai yi faɗa. Robar ta fito, haƙoran sama suka biyo ta. Yana kallo suna lilo, suna juyawa a hankali, har suka sauka cikin laka a wani lungu ƙarƙashin murhu.

Baturen ya waiwayo ya ga fuskar da ba ita ya bari a baya ba, baki ya lotsa, kumfa na fita, ido a waje. Ya saki ɓallin farantin, ya kama hanyar fita har yana buga kai. Mang Poldo ya so ya tsaya nema, amma ga baƙi iskarsu ta yi ƙasa, ga robar ba ta zama a baki sai ya riƙe da hannu. Haka ya fito da su, ya hau kwale-kwale ya naɗe fuska da tawul, ya ce da hannu ciwon haƙori yake.

Washegari iskar damina ta taso, aka hana kwale-kwale fita. Da aka buɗe hanya Mang Poldo ya ce ɗan'uwan nan na Manila ciwonsa ya tashi. Ya dawo da sababbin haƙora marasa zinariya, masu ƙaras-ƙaras in yana magana, ya ce na zinariyar ne ya ruɓe aka cire. Nan ma ba wanda ya ce uffan. Niyyarsa ya lallaɓa Mai Tukunya ya ɗauko tsofaffin, don sun fi zama daram, sai ya tarar an riga shi.

Baƙin Renante ne suka gani. Laka ta rufe robar, gansakuka ta hau, ba abin da ke waje sai jerin haƙora da ɗigon zinariya yana ƙyalli in an haska. Suka ɗauki hoto, hoto ya shiga duniya. Ba wanda ya ɗaga abin ya duba, don dokar Mang Poldo ta hana. Kafin wata ya zagayo maganar ta zauna cewa haƙoran wani sojan Japan ne. Baƙi suka riƙa zuwa takanas. Japanawa in sun iso lungun sai su haɗa tafin hannu su sunkuyar da kai a cikin ruwa, wasu su zuba giyar shinkafa daga kwale-kwale.

"An ce yau ma an yi wa haƙoranka sujada," in ji Aling Pasing tana soya busasshen kifi. "Ni da na tsufa ina goge su da buroshi, ko sannu ba wanda ya taɓa ce min."

"Ki rage murya, Pasing."

"In rage? Bari dai in je in buɗe rumfa a bakin gaɓa, in sa na ƙasan a faranti. Ai su ma 'yan gida ɗaya ne."

Sau ɗaya ya gwada sa'a. Ya bari baƙi suka wuce gaba, ya sunkuya, ya miƙa hannu cikin lungun. Ji ya yi ƙwas a kan yatsunsa. Ya ɗago ya ga wata jagora da shi ya koya wa aiki, riƙe da nata ƙarfen, tana girgiza masa kai. Da suka fito ta ce, "Na san gwada ni kake yi, Mang Poldo. Na ci, ko?" Ya ce ta ci. Wanzami dai ba ya son jarfa, ranar bai ci abincin rana ba don haushi.

Da a nan abin ya tsaya, da ya haƙura ya bar wa Japan haƙoran. Sai ga wata tsohuwa ta sauka a garin, ita da jikanyarta. Sunanta Fusae Kuramochi, 'yar ƙarama, gashi fari fat, tana dogara sanda. Jikanyar, Chiharu, ita ke fassara. Suka nemi jagoran da ya fi kowa daɗewa, aka kawo su wurin Mang Poldo. Chiharu ta ce mahaifin kakarta kuku ne a jirgin nan, ya mutu tun ba a haifi kakar ba, ba kabari, ba gawa, ko hotonsa ba ta da shi. Ta ga hoton haƙora a ɗakin girki, tun daga ranar ta kasa barci. Ba ta roƙi a fito da su ba, an gaya mata dokar. So take gobe a kai ta saman jirgin, Mang Poldo ya sauka da wainar shinkafar da ta yi da hannunta ya ajiye a gabansu, ta gaisa da ubanta sau ɗaya kafin ta mutu.

Tsohuwar ta sunkuya masa har sandarta na rawa. Mang Poldo ya yi murmushin da ya saba, haƙoran suka ce ƙaras, ya ji kunyar da bai taɓa ji ba tun marin ubansa.

Da yamma ya samu Renante a bakin gaɓa yana wanke tuluna. Ya zauna, ya yi gyaran murya, ya yi maganar iska, ya yi maganar tsadar mai. Can ya ce, "Haƙoran nan na Mai Tukunya, ka taɓa duba su da kyau?"

Renante bai ɗago ba. "Na duba, Tay." Haka yake kiransa, wato Baba.

"Ba ka ga sun yi kama da na wani ba?"

"Tay, shekara nawa ina zama gabanka a teburi? Tun ranar farko na gane zinariyar."

Mang Poldo ya zabura. "Ka gane? Ka gane ka yi shiru, ɗan banza, har aka tara min duniya?"

"To in ce me? Baƙi sun tambaye ni, na ɗaga kafaɗa. In ce na surukina ne? In tona maka asiri a gaban Turawa? Ni jira nake ka ɗauke abinka, kai kuma ka tafi duba ɗan'uwa."

"Wa kuma ya sani?"

Renante ya sosa ƙeya. "Na Mai Tukunya, mu kaɗan ne. Na bakinka kuwa, Tay, ai har limamin coci ya sani. Wane marar lafiya ne ake zuwa dubawa a dawo da haƙora? Mutunci ne ya sa ba a faɗa."

Dattijo ya juya ya kalli ruwa. Ashe duk shekarun nan da yake wage baki a kasuwa, gari guda ne ke taya shi riƙe ƙarya don kada ya ji kunya. Renante ya matso ya ce a hankali, "Ka sauka gobe ka ajiye wainar kawai. Ta tafi da farin ciki, kai ka tsira da girmanka. Wa aka cuta?"

Ya kai wa Aling Pasing shawarar, yana fatan ta amince. Ba ta yi tsiya ba wannan karon, abin da ya fi ba shi tsoro ke nan. Ta ce, "Tsohuwa ta ƙetaro teku ta gaida ubanta, ta koma ta mutu ba ta san bakinka ta gaisar ba. In za ka iya cin abinci bayan haka, ga shi nan a tukunya."

Gari ya waye ruwa kwance kamar an shimfiɗa tabarma. Aka ɗaure kwale-kwale a saman Mai Tukunya. Mang Poldo ya sa kaya, ya goya tulu, yana jan lokaci, yana duba abin da ya riga ya duba. Tsohuwa Fusae ta durƙusa da ƙyar a kan katako, ta kwance wani ƙyalle, ta miƙo masa wainar da hannu biyu, idonta ya cika da hawaye. Ya dubi wainar, ya dubi Renante, Renante ya dubi sama. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mang Poldo ya sa yatsu biyu a baki, ya zaro haƙoran sama da na ƙasa, ya ajiye su a kan tawul a gabanta.

Direban kwale-kwale ya shiga duba injin da ba abin da ya same shi. Mai yi wa baƙi girki a kwale-kwalen ya juya ya fuskanci tsibiri. Mang Poldo ya fara bayani, amma ba haƙora maganar ta koma fuf-fuf, Chiharu ta kasa kama ko kalma ɗaya. Dole Renante ya tsaya yana fassara surukinsa zuwa Turanci, Chiharu tana juyawa zuwa Japananci.

"Ya ce na ƙasan ruwan nasa ne."

"Nasa kamar yaya?" in ji Chiharu.

"Nasa na bakinsa. Ya ce faɗa yake yi da wani Bature. Ya ce ruwan tafki ne ya narkar da gam."

"Fuf!" in ji Mang Poldo.

"Ya ce a yafe masa. Ya ce ba na mahaifinta ba ne, Lola ta yi haƙuri." Lola, wato Kaka, haka suke kiran tsohuwa.

Chiharu ta faɗa wa kakarta da murya ƙasa-ƙasa. Fuskar tsohuwar ta faɗi. Ta janye hannuwanta da wainar ta ɗora a cinya, ta daɗe tana kallon haƙoran da ke kan tawul. Mang Poldo ya gwammace a ce teku ta buɗe ta haɗiye shi da tulun.

Sai kafaɗunta suka fara rawa. Aka ɗauka kuka ne, kuma da kukan a ciki, amma dariya ce ta fi yawa. Ta toshe baki da ƙyalle, ta nuna haƙoran, ta nuna ruwa, ta faɗi wata magana tana shessheƙa. Chiharu ta ce, "Wai hoton nan tana ajiye da shi a wurin addu'arta, kullum da safe sai ta zuba masa shayi." Direba ya kasa daurewa, ya fashe da dariya a cikin injin.

Mang Poldo ya mayar da haƙoransa, don abin da zai faɗa yanzu ba ya son a fassara shi sau biyu. Ya ce wa Chiharu, "Gaya wa Lola, a ɗakin girkin nan akwai kwano. Ɗan ƙarami, mai zanen shuɗi. Ina matashi na sato shi, ubana ya mare ni, na mayar. Yana nan a kan kanta, laka ta rufe shi, ban taɓa nuna wa baƙo ba. Ban san na wane ne ba, ba zan yi mata ƙarya ta biyu ba. Amma in ubanta ne kuku, to hannunsa ya wanke kwanon nan."

Tsohuwar ta daina dariya. Ta sa aka maimaita mata. Sannan ta sake miƙo wainar da hannu biyu, ta ce a sa a cikin kwanon. Mang Poldo ya karɓa, ya ce in ya sauka zai ɗauke haƙoransa daga wurin, doka ko ba doka, don sun isa haka. Ta girgiza kai da ƙarfi.

"Ta ce a bar su," in ji Chiharu tana share ido. "Mahaifiyarta ta ce ba abin da mijinta ya tsana kamar ya yi girki ba mai ci. Ga kwano, ga abinci, wai a bar masa haƙora."

Aka sa wa tsohuwa rigar da ke hana nutsewa, aka ɗaura mata gilashin ruwa. Renante da Chiharu suka sauke ta a hankali, ta kama gorar da ke ɗaure a gefen kwale-kwale, ta kifa fuska a ruwa. Mang Poldo ya cije robar iska da kyau, ya sauka shi kaɗai. Ya shiga ɗakin girki, ya wuce lungun murhu inda zinariyarsa ke ƙyalli, bai ko tsaya ba. A kan kanta ya kaɗa hannu a hankali ba tare da ya taɓa ba, lakar ta tashi, zanen shuɗin ya fito. Ya ajiye wainar a ciki. Ƙananan kifaye suka taru nan da nan.

Ya fito ta tagar da ke kallon sama ya ɗaga kai. Can a saman ruwa, cikin hasken rana, ga inuwar kwale-kwale, ga 'yar ƙaramar tsohuwa a gefensa ta saki gora da hannu ɗaya tana ɗaga shi, tana kaɗawa kamar yarinya a bakin hanya. Mang Poldo ya ɗaga nasa zai amsa, sai ya gane ba shi take yi wa ba. Ya sauke hannun, ya matsa gefe daga bakin tagar, ya ba su wuri.